Ƙasusuwan Zaituna

Zaituna Siddiƙu tana da shekara ashirin da huɗu lokacin da ta fara aikin koyarwa na gwaji, wanda ɗaliban kwalejin horar da malamai ke kira tifi. Waɗanda suka shiga kwalejin tare da ita sun daɗe da gamawa, wasu har sun kama aiki. Ita kuwa sau biyu tana maimaita aji, ba don ta faɗi jarrabawa ba, sai don jarrabawar ta zo tana kwance a asibiti. Aka tura ta wata makarantar firamare a Gidan Dahala, aka ba ta lissafi a aji huɗu. Ranar da ta fara zuwa, hedimasta ya ɗauka ƙanwar wata malama ce aka aiko da saƙo, domin jikinta bai wuce na 'yar shekara goma sha huɗu ba.

Da wani ciwo aka haife ta. Likitoci suna kiransa talasimiya. Jikinta ba ya iya yin jini mai kyau da zai riƙe ta, saboda haka duk wata sai an ƙara mata leda biyu, kuma kowace safiya sai ta narka wata ƙwaya a ruwa ta sha, don ta rage ƙarfen da ƙarin jinin ke tara mata a hanta da zuciya. A unguwarsu, Ƙofar Atiku, ba wanda ke wahalar da bakinsa da wannan suna. Sikila ake ce mata. Tun tana gyara wa mutane, tana cewa shi ma ciwon jini ne amma ba ɗaya suke ba, har ta gaji ta bari.

Wanta Sirajo da irin wannan ciwon ya rasu, yana ɗan aji biyar. Tun daga lokacin mahaifiyarsu Iyatu, wadda suke kira Inna, ta mayar da Zaituna 'yar ɗaki. Ba shara, ba wanki, ba aike, ba wasan tsakar gida. In za ta fita, a lulluɓe, daga wannan inuwa zuwa waccan. Karatu ne kaɗai Inna ta kasa hanawa, shi ma don mahaifinta Malam Siddiƙu ya tsaya a kai. Malami ne, da safe yana aikin gwamnati, da yamma yana ba da karatu a zaure, kuma bai yarda ɗiyarsa ta zauna haka nan ba.

Ciwon bayanta ya riga tifin zuwa. Wani nauyi ne a tsakiyar baya, in ta daɗe a zaune ko a tsaye. Ta faɗa a gida, aka ce bencin kwaleji ne. Ta yarda, don ba ta son a ƙara mata wani ciwon a kan wanda take da shi.

Wata safiya ta makara, keke napep ya yi wuyar samu, sai ta tare kabu-kabu, wato babur ɗin haya, abin da Inna ta daɗe da hana ta. Mai babur ɗin bai lura da tudun kwaltar da aka yi don rage gudu ba sai da ya hau shi. Babur ya yi sama ya dire. Ba su faɗi ba, ko karkacewa ba su yi ba. Amma Zaituna ta ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayanta, numfashinta ya ɗauke na ɗan lokaci.

Ta yi darasin ranar tana jingine da allo, zufa na bin gadon bayanta. Da aka tashi ba ta nufi gida ba, ta wuce sashen gaggawa na asibitin da ake ƙara mata jini.

Likitan da ke bakin aiki matashi ne, idanunsa sun yi ja don gajiya, layi kuma har bakin ƙofa. Ya ga ƙanƙantar jikinta, ya ga ruwan ɗorawar da ke cikin idonta, ya fara rubutu tun ba ta gama gaisuwa ba.

"Ciwon ya tashi ke nan. Yaushe rabon da ya tashi?"

"Ba sikila gare ni ba, likita. Talasimiya ce. Ba ta tashi irin haka."

"Duk ciwon jini ne. Ina ke miki ciwo?"

"Nan, wuri ɗaya. A kan babur na ji abu ya tsage."

"Kin faɗi?"

"A'a."

"To in ba ki faɗi ba, me zai tsage?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, wani ya shigo ɗauke da yaro yana jini, likitan ya miƙe. Aka yi mata ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, aka ce ta riƙa shan ruwa da yawa, aka sallame ta.

A gida ba ta ambaci babur ba. Ta ce gajiya ce. Ta san in Inna ta ji gaskiya, tifin ya ƙare ke nan, kuma tifi ba abu ne da ake fashi ba. Malamin da kwaleji ta naɗa ya duba ɗalibai ba ya faɗin ranar zuwansa. In ya zo bai same ka a aji ba, sai baɗi. Saboda haka kullum sai ta ɗaure ƙugunta da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin riga, ta sha maganin ciwo, ta tafi. A cikin makonnin ne ta lura abayarta ta fara jan ƙasa, har tana taka bakinta. Ta ɗauka yadin ne ya saki a wanki.

Ranar wata Asabar, bayan ta idar da sallar la'asar, ta dafa ƙasa da hannun dama za ta miƙe daga kan sallaya, yadda ta saba yi tun da bayan ya matsa mata. Sai ta ji irin ƙarar nan ta kan babur, wannan karon a wuyan hannu. Ta koma ta zauna, ta riƙe hannun tana kallonsa yana kumbura.

Inna ta yi salati, ta aika a kira Malam daga zaure. Malam ya sallami ɗalibansa, ya aika Ƙofar Kware a ɗauko Mode mai ɗori. Mode dattijo ne, shi ya ɗora ƙafar Malam lokacin da mota ta buge shi shekarun baya, ta kuma warke sumul, don haka a gidan ba a musu da shi.

"Baba, a kai ni asibiti," in ji Zaituna.

"Yau Assabar, ɗiyata. Wa za mu ishe can? Bari Mode shi duba. In yac ce asibiti, sai mu tahi."

Mode ya zo, ya durƙusa, ya shafa hannun da yatsunsa masu kaushi.

"Ina tah hwaɗi?"

"Ba ta hwaɗi ba," in ji Inna. "Tashi za ta yi daga sallaya."

"To targaɗe na. Ƙashin yarinya bai karyewa don ta dahwa ƙasa. Da tsohuwa ta, sai in ce."

"Baba Mode, da kunnena na ji shi," in ji Zaituna. "Karyewa yay yi. Don Allah kar ka ja."

"Kowa haka shika cewa. Hajiya, riƙe mani kafaɗatta."

Inna ta riƙe, ta kau da kai. Mode ya yi bisimilla ya ja. Zaituna ba ta yi ihu ba, ɗakin ne ya yi mata duhu. Da ta dawo hayyacinta ta ga Mode yana jera karare a hannun yana naɗewa da tsumma, bai ƙara cewa targaɗe ba.

Washegari yatsunta suka kumbura suka yi baƙi. Malam da kansa ya sa reza ya yanke tsumman. Ranar Litinin, wadda dama ita ce ranar ƙarin jininta, suka tafi asibiti su uku.

Dakta Hindu ita ce likitar jinin da ke duba Zaituna tun tana firamare. Ta kalli hannun, ta kalli yadda Zaituna ta zauna a karkace a gefen kujera, ta tambaya, sai a lokacin Zaituna ta ba da labarin babur. Inna ta juyo ta dube ta. Dakta Hindu ta tura su ɗaukar hoton ƙashi, na hannu da na baya.

Da hotunan suka fito ta ɗaga su wajen hasken taga.

"Hannun ya karye wuri biyu. Ɗaya daga dafawar, ɗayan ina jin daga jan da aka yi."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Amma ba shi ya fi damuna ba. Ku dubi nan. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, kamar an ɗora tubali a kan tubali. Waɗannan biyun sun lotsa. Shi ya sa ta rage tsawo. Ƙashin mai shekarunta ya kamata ya fito fari tas a hoto. Nata ya fito kamar hayaƙi."

Ta yi musu bayani a hankali. Ɓargon mai irin wannan ciwo ba ya hutawa, kullum yana fafutukar yin jini, yana faɗaɗa yana cin ƙashin daga ciki. Ƙarfen da ke taruwa kuma yana taɓa sassan jikin da ke sa mutum ya girma ya balaga, su ne kuma ke sa ƙashi ya yi ƙwari. Daga nan ta roƙi Malam ya ɗan ba su wuri. Da ya fita ta tambayi Zaituna yaya al'adarta take.

"Ta zo a makare, ta yi 'yan watanni, ta ɗauke. An daɗe."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Ni nac ce ta yi shiru," in ji Inna. "Abin kunya na. In mutane sunka ji, mi za su ce?"

Zaituna ta juya ta dubi likitar. Ba ta saba ɗaga wa Dakta Hindu murya ba, kuma ba ta ɗaga ba.

"Duk wata ina nan, Dakta. Duk wata a auna jini, a auna hanta, a auna zuciya. Ƙwaya ko ɗaya ban taɓa fashin sha ba. Abin da kuka ce in yi duk na yi. Ba wanda ya taɓa ce mini ƙashina yana zaizayewa. Na zo nan da ƙafata na ce abu ya tsage a bayana, aka ba ni ruwa."

Dakta Hindu ta ajiye hoton a kan tebur.

"Akwai na'urar da ke auna ƙwarin ƙashi. Tun kina 'yar sha wani abu ya kamata a riƙa yi miki. Tamu ta lalace, na yi magana har na gaji."

"Ko ba na'ura, ai akwai baki," in ji Zaituna.

Dakta Hindu ba ta musa ba.

Aka sa wa hannun filasta, aka ba ta wata ɗamara mai tauri da za ta riƙa ɗaurawa daga ƙirji zuwa ƙugu, aka ƙara mata jini, aka ɗebi wani don awo. Da suka koma karɓar sakamako, Dakta Hindu ta ce bitamin D ɗin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai, shi kuwa ƙashi ba ya iya riƙe abin gina shi sai da shi. Za a ba ta na sha, da maganin daidaita al'ada, da wani ƙarin ruwa na ƙashi da za a riƙa yi mata lokaci-lokaci. Amma mafi yawan bitamin ɗin, in ji ta, daga hasken rana jiki ke samu.

Zaituna ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. A Sakkwato aka haife ta, inda rana ke narka takalmin roba a kan kwalta, a ce abin da ta rasa ke nan.

"Ranar garin ga za ki ce ɗiyata ta shiga?" in ji Inna.

"Ta hantsi, Hajiya. A tsakar gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Ta sha madara da nono. Kuma da zarar zafin bayan ya lafa, ta riƙa tafiya a ƙasa kowace rana. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi ba ya ƙwari. Kwanciya za ta ƙara lalata shi."

Suka koma gida. Sai da Inna ta cire mayafi ta zauna bakin gado, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Wato ni nak karya ta."

Ba wanda ya faɗi haka, amma ba a iya cire mata shi daga rai ba. Maimakon ta sassauta, sai ta ƙara matsawa. Ta shimfiɗa wa Zaituna katifa a ɗakinta, ta hana ta ko ɗaukar buta. A cikin maganar likita nono kaɗai ta ɗauka, ta kuma ɗauke shi da ƙarfi: fura da nono da safe, da rana, da yamma, har Zaituna ta fara jin tashin zuciya in ta hango kwanon.

"Inna, likita cewa tay yi in yi tahiya."

"Likitar da ƙashi ke lalacewa gabanta shekara da shekaru ba ta gani ba, ita za ta koya mani riƙon ɗiya? Zamna. Na binne guda, ba ni binne na biyu."

Zaituna ta juya fuskarta bango. Duk gardamar da aka fara a gidan nan, a kan kabarin Sirajo take ƙarewa, kuma ba yadda za a yi mutum ya amsa.

Malam bai yi jayayya da matarsa ba. Sai kawai ya canja wurin zamansa. Da hantsi, kafin ya fita aiki, ya riƙa shimfiɗa buzunsa a ƙarshen tsakar gida, inda rana ke fara sauka, ya ƙwala wa Zaituna kira ta kawo masa littafi kaza daga ɗaki. In ta kawo, sai ya ce ba wannan juzu'in ba, ɗayan. In ta kawo ɗayan, ya ce ta tsaya ta karanta masa shafin, idonsa ba ya gani sosai. Inna tana kallonsu daga ƙofar madafa, ta san abin da ake yi, tana buga murfin tukunya fiye da yadda ya kamata.

Ana cikin haka hedimasta ya kira waya. Malam Zayyanu, mai duba 'yan tifi, ya zo makarantar ranar Litinin ɗin da aka sa mata filasta. Bai same ta ba, ya rubuta ba ta nan.

Malam Siddiƙu ya ce akwai wanda ya sani a kwalejin, tare suka yi karatu, zai yi masa magana. Zaituna ta ce a'a. Tun tana yarinya ake yi mata alfarma, ana ɗaga mata ƙafa, ana cewa a bar ta ba ta da lafiya. Ba ta son takardar da za a ce tausayi ya ba ta. Ta ɗaura ɗamararta, ta sa filo a kujerar keke, ta tafi kwaleji da kanta.

Ta sami Malam Zayyanu a ofis yana cin gyaɗa, hular kwanonsa a kan tebur. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai sikilar nan ta Gidan Dahala?"

"Talasimiya, Malam."

"To, ko ma mece ce, Allah ya ba da lafiya. Na je ban same ki ba. Kin san yawan makarantun da nake zagawa a kan babur ɗina? Ki kawo shaidar asibiti, a ɗage miki zuwa baɗi. Ba wanda zai ce kin faɗi."

"An ɗage mini sau biyu, Malam. Baɗi ban san yadda bayana zai kasance ba. Bana nake so."

"Da wane hannun za ki yi rubutu?"

"Zan san yadda zan yi."

Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya yi ɗan tunani.

"Zan koma sau ɗaya kafin hutu. Amma ki sani, ba filasta zan duba ba, darasi zan duba."

"Abin da nake so ke nan."

Ta koma aji. Inna ta daina amsa gaisuwarta ta safe, amma kullum sai ta tarar da gorar nono a cikin jakarta. Ta gwada rubutu da hagu, lambobin suka fito a karkace, yara suna karanta bakwai a matsayin ɗaya. Ɗaga hannu zuwa saman allo kuma sai ta ji kamar ana soka mata ƙusa a baya. Sai ta sake dabara. Ta sa yaran kowa ya riƙa tara ƙwallon dabino yana kawowa, ta raba su rukuni-rukuni, su lissafa da hannunsu a kan benci, sannan ɗaya daga cikinsu ya fita ya rubuta a allo. Ita tana zaune a kujera tana tambaya, ta miƙe in ta iya, ta koma in bayan ya ƙi.

Malam Zayyanu ya zo ana saura 'yan kwanaki hutu. Ya shiga ya zauna a bencin baya. Darasin ranar rabawa ne, irin wanda ake samun saura. Zaituna ta ce kowane rukuni ya ƙirga ƙwallo goma sha bakwai ya raba wa mutum biyar. Aji ya kaure da gardama. Wasu suka ce ba ya rabuwa, wasu suka ɓoye biyun da suka rage a aljihu don lissafin ya fita daidai. Ta bar su suka yi ta yi, sannan ta dafa tebur da hagu ta miƙe, ta taka a hankali zuwa rukunin da suka ɓoye, ta ce su zazzage aljihu. Aka yi dariya. Ta tambaya me za a kira waɗannan biyun. Wata yarinya daga gefen taga ta ce saura. Zaituna ta ba ta alli ta je ta rubuta. Kafin a kaɗa ƙararrawa ta ba su lissafi guda biyar su yi a littafi, kusan duk ajin suka ci.

A waje, a gindin dogon yaro inda ya ajiye babur ɗinsa, Malam Zayyanu ya yi mata bayani yana ɗaura hular kwano.

"Yara sun gane, wannan ba musu. Amma akwai maki na rubutun allo, ke kuwa ba ki taɓa allo ba. Akwai na tsayuwa da zagaya aji, rabin darasin a zaune kika yi shi. Akwai na kame aji, surutu ya yi yawa."

"Surutun lissafi suke yi, Malam."

"Na ji. Ba ni na tsara yadda ake ba da makin ba. Kuma ke kika ce kar in duba filasta."

"Na ce ka duba darasi. Darasin ka duba, ko tsayuwata?"

Ya gama ɗaura hular. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tada babur.

Kafin sakamako ya fito an cire mata filasta. Hannun ya haɗe, amma da ɗan karkata, kuma ba ya juyawa sosai. Dakta Hindu ta ce gaɓoɓin bayan da suka lotsa ba za su koma yadda suke ba, abin da ake nema yanzu kar wasu su bi su. Aka fara ƙarin ruwan ƙashin, na farko ya kwantar da ita da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ko yana aiki ko ba ya yi, ba mai iya faɗa tabbas, don na'urar awon tana nan yadda take. An ce akwai wata a wani gari mai nisa, amma Dakta Hindu da kanta ta ce ba ta son bayan ya sha jijjigar wannan hanyar tukuna.

Ranar da aka kafe sakamako Zaituna ta je ta duba. Ta ci, da mafi ƙanƙantar makin da ake ci da shi. Wata 'yar ajinsu da ta yi tifi a makaranta ɗaya da ita, wadda ke cika allo da rubutu yara su kwafa ta fita hira, ta sami na sama.

Ta dawo gida da yamma, ɗaliban Malam sun watse, shi kaɗai ne a zaure da littafi a gabansa. Ta yi sallama ta tsaya daga bakin ƙofa, don durƙuso ya fi ƙarfinta yanzu.

"Na ci, Baba. Da na ƙarshe."

"Alhamdu lillahi."

"Na gode ma Allah. Amma raina ɓace shike."

"Da wa?"

Ta dubi ƙasa.

"Da kowa. Da likitoci, da Malam Zayyanu, da Baba Mode, da Inna." Ta ɗago kai. "Da kai ma, Baba. Na ce a kai ni asibiti."

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya yi ta jujjuya shi, har ta fara tunanin ta wuce gona da iri.

"Kin hwaɗi," ya ce. "Ban saurara ba."

Ta jira ya ce ta yi haƙuri, kalmar da take ji tun tana goye. Bai ce ba. Ya miƙe ya jawo kujerar da yake ajiye wa baƙi tsofaffi, ya ɗora mata filonsa a jikin majingina, ya koma kan buzunsa ya mayar da tabarau. Zaituna ta zauna. Yana karatunsa ƙasa-ƙasa, ita tana kallon titi ta ƙofar zaure da ranta a ɓace, har aka kira magariba.